Yadda Muke Riƙe Sugan Baba da Tattaki da Ganyen Gida

Inna ce ta fara lura. Ta ga kiyashi na taruwa a makewayi duk inda Baba ya tsuguna, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga tashi sau huɗu sau biyar cikin dare, ga rama alhali malmalarsa ba ta ragu ba. Shi yana ta cewa basir ne. Ta ce, "Malam, basir ba ya kiran kiyashi, a je asibiti." Na goya shi a babur zuwa babban asibitin Ringim, aka soki ɗan yatsa, aka ce suga ne. Yau shekara shida ke nan, kuma tun ranar ni ke riƙe da littafin awonsa. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da malaman asibiti suka ɗora mu a kai, muka daidaita shi da zaman ƙauye, inda babu wurin motsa jiki na kuɗi, babu firji, kuɗi kuma sai ranar kasuwa.

A fara gane abin da ke faruwa a jiki. Tuwo, fura, shinkafa, burodi, rogo, duk suga suke zama idan sun narke, su shiga jini. Tsokar jiki ita ce babban rumbun da ke karɓar mafi yawan wannan suga, sinadarin insulin kuwa, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa, shi ne mai buɗe bakin rumbun. A ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ne na yawancin manya, jiki ya daina jin maganar insulin, sai hatsi ya yi ta taruwa a waje, wato suga a cikin jini, yana cin jijiyoyi da ido da ƙoda a hankali. Abin da ya sa motsa jiki ke aiki shi ne, tsokar da ke cikin aiki tana buɗe bakinta da kanta ta ja suga ko da insulin bai ishe ta ba, bayan an gama kuma takan yi kwana ɗaya zuwa biyu tana jin maganarsa fiye da da. Nau'i na farko daban ne. Ya fi kama yara da matasa, jikinsu ba ya yin insulin ɗin sam. Mai wannan nau'i allura ce rayuwarsa, babu ganye ko tattakin da zai maye gurbinta ko na yini ɗaya.

Mataki na farko: na'urar awo da littafi

Kafin a tsinko ganye ko a ɗaura takalmi, a nemi na'urar gwajin suga da littafin makaranta mai fallaye arba'in. Suga ba ya nuna kansa a fuska. Mutum zai ce garau yake ji alhali abin ya yi sama, don haka duk wanda ya ce maka wani magani ya karɓe shi, tambaye shi nawa na'ura ta nuna.

A wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe, domin ɗan danƙon dabino ko mangwaro a yatsa kan sa na'ura ta nuna lamba mai yawa ta ƙarya. A soki gefen yatsa, ba tsakiyarsa ba, ya fi sauƙin zafi. Kwalbar 'yan tsinken gwajin a rufe ta nan take, a ajiye ta a inuwa, ba a aljihun babur ko ƙarƙashin kwanon ɗaki ba, a kuma duba ranar lalacewarsu. Gida biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya, amma allurar sukan kowa da tasa, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi.

Ga lambobin da ake nema ga yawancin manya: da safe kafin a ci komai, tsakanin 4.4 da 7.2. Awa biyu bayan fara cin abinci, ƙasa da 10. Ƙasa da 3.9 suga ya faɗi, haɗari ne. Wasu na'urorin da manyan lambobi suke magana, irin su 130 ko 180. Idan taka irin wannan ce, raba da 18 ka samu ƙaramar lambar: 180 shi ne 10, 70 kuma shi ne 3.9. Ga dattijo da ya manyanta sosai ko mai wasu cututtukan, likita na iya sassauta waɗannan iyakoki.

Tsinken gwaji na da tsada, mu ma ba kullum muke awo ba. Kwana biyu muke zaɓa a mako, mu gwada da asuba, mu sake gwadawa awa biyu bayan cin abinci, yawanci tuwon dare. A gefen kowace lamba ina rubuta abin da ya ci da tafiyar da ya yi. Da wannan littafin muka gano cewa furar da yake sha bayan Azahar ta fi tuwon dawa ɗaga masa suga nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: san sunan ƙwayar da kake sha

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ne kuma mai ceton rai. Ɗauki kwalin maganinka ka sa a karanta maka sunansa. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga ƙasa da kima ba. Amma glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, da 'yan'uwansa gliclazide da glimepiride, da allurar insulin, suna iya yi, musamman idan mutum ya sha magani bai ci abinci ba, ko ya yi aikin ƙarfi, ko ya haɗa da jiƙo.

Alamomin faɗuwar suga su ne karkarwa, zufa mai sanyi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, jiri, gani dishi-dishi. In ya yi nisa sai mutum ya fara sambatu ko faɗa babu dalili, har a zaci iska ce ta buge shi a shiga hayaƙi da tofi alhali suga yake nema. Idan yana iya haɗiya, a dama masa cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15, a sake awo. In bai haura 3.9 ba a maimaita. Da ya dawo hayyacinsa a ba shi abinci. Idan ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti mafi kusa. Baba ba ya fita sai da ƙullin sukari a aljihun rigarsa, kuma abokan zamansa na ƙofar gida duk sun san abin da ƙullin yake nufi.

Mataki na uku: ƙafa kafin tafiya

Suga na kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya bai ji ba. Rauni ƙanƙane ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Don haka babu tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Silifa ba ta tare ƙaya, a nemi kambas ko takalmi sau-ciki mai laushi wanda bai matse ba, da safar auduga. A zazzage shi kafin a sa, saboda tsakuwa da kunama. Kowane dare a haska tafin ƙafa da tsakanin yatsu da tocila. Wanda ba ya iya sunkuyawa ɗansa ko matarsa su duba masa. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Da hunturu a shafa mai a dunduniya saboda faso, kuma kada a miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, ƙafar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita na hira. Kada a bari mai yankan farce ya shiga lungu da aska. Mai buɗaɗɗen rauni a ƙafa ba ya tattaki sai ya warke, asibiti zai kai shi a ranar.

Mataki na huɗu: tattaki

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato minti 30 sau biyar. Kada kuma a yi fiye da kwana biyu a jere ba a motsa ba, tunda amfanin da tsoka ta samu yana gushewa. Wannan ba zancen baka ba ne. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, mutanen da suke gab da kamuwa suka riƙe minti 150 ɗin nan tare da rage ƙiba, sai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba metformin kawai, kashi 31 ya ragu. 'Ya'yan mai suga su riƙe wannan, domin ciwon yana bin jini.

Yaya ake gane matsakaici? Ka yi saurin da za ka iya amsa gaisuwa da hira, amma in ka ce za ka rera karatu numfashi ba zai kai ba. Idan haki ya hana ka magana, ka wuce gona da iri. Idan kuwa tafiyar rangwaɗa ce ta zuwa ɗaurin aure, ba ta isa ba.

Lokaci ya fi komai muhimmanci a wurina. Suga yakan kai ƙololuwa wajen awa ɗaya bayan cin abinci, saboda haka tafiyar minti 10 zuwa 15 jim kaɗan da cin abinci tana tare shi a hanya. A ƙauyenmu tuwon dare bayan Magariba ake ci, daga nan a kishingiɗa a tabarma har Isha'i. Nan muka sa hannu. Akwai masallaci a ƙofar gidanmu, amma na roƙi Baba ya riƙa yin Isha'i a na bakin kasuwa, tafiyar minti goma sha biyu, dawowa ma haka. Da farko ya ƙi, ya ce mutanen unguwa za su ce ya yi fushi da liman. Sai da ya je da kansa ya yi wa liman bayani, liman ya ce, "Malam, ai yawan taku yawan lada." Yanzu su uku suke tafiya, kowa da tocila da sanda saboda macizai. A littafi kuwa, daren da ya yi wannan tafiya da daren da ruwan sama ya hana shi ba sa taɓa zama ɗaya.

Ga wanda ya daɗe bai motsa ba, a bi a sannu. Makon farko minti 10 bayan abincin dare kawai. Mako na biyu a ƙara minti 10 bayan karin kumallo. Na uku da na huɗu a kai kowace tafiya minti 15. Idan jiki ya saba, a ƙara sauri, ko a ɗauko keken da aka jingine tun da babur ya shigo gida. Zuwa gona, zuwa masallacin Juma'a, zuwa gaisuwa ƙauyen da ke kusa, duk abin da bai wuce tafiyar rabin awa ba a bar babur ya huta. Dogon zama ma illa ne da kansa. Tela da mai shago da mai zaman majalisa su riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, su ɗan zagaya na minti biyu ko uku.

Mata fa, musamman waɗanda ba sa fita? Tsakar gida ta isa. Gwaggona, wadda ita ma aka gano tana da shi bara, daga ƙofar ɗakinta zuwa bakin zaure take kai-komo tana jan carbi, tana gama lazimi ta gama tafiya. Surfe da daka da shara da jan guga da tuƙa famfo duk motsa jiki ne na gaske, kuma tun da injin niƙa ya karɓe yawancinsu jikin iyayenmu mata ya yi nauyi. Ba a ce ki koma wahalar da ba, amma kada a ƙwace miki taɓarya gaba ɗaya da sunan tausayi. 'Ya'ya da surukai su ji wannan: hana mai suga motsi ba jinƙai ba ne.

Sau biyu ko uku a mako a ƙara da aikin ƙarfafa tsoka, domin gwargwadon girman rumbu gwargwadon abin da zai ɗauka. A zauna a kujera ko kifaffen turmi a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma. A dafa bango da tafin hannu biyu a tura jiki gaba da baya, sau goma. A cika gorar roba da ruwa ko yashi a ɗaga ta zuwa kafaɗa, kowane hannu sau goma. A riƙe bango a ɗage dunduniya a sauke. A huta, a sake zagaye ɗaya. Kada a riƙe numfashi lokacin ɗagawa. Wanda suga ya taɓa wa ido ko mai hawan jinin da bai sauka ba, ya nisanci ɗaga kaya mai nauyi sai likita ya yarda.

Shekarar manomi ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan ne abin da takardun asibiti ba sa faɗa. Da damina, lokacin huɗa da noman farko da maimai, Baba kan yini da fartanya, sugansa ya sauka sosai. Mai shan glibenclamide ko mai allura da ya fita gona da sassafe cikinsa babu komai yana iya faɗuwa a kunya babu kowa kusa. Don haka a karya kafin a fita, a tafi da ruwa da sukari da ɗan abin taɓawa, kuma kada a je gona mai nisa shi kaɗai. In awo kafin fita ya nuna ƙasa da 5.5, a ƙara cin wani abu. A kuma koma asibiti a farkon damina da littafi, wataƙila a rage magani. Da an gama kaka an kai amfani gida sai abin ya juye: aiki ya ƙare, sabon gero ya samu, ga bukukuwa. Daga nan har faɗuwar ruwa ne tattaki ya zama dole. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi tafiyar bayan Asuba ko bayan faɗuwar rana, a kuma sha ruwa sosai.

Da azumi a je asibiti tun cikin Sha'aban a gyara lokutan magani. Kada a yi aikin ƙarfi bayan La'asar, tarawihi da tafiya zuwa masallaci sun wadatar. Idan awo ya nuna ƙasa da 3.9 ko sama da 16.6, a karya azumin, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara.

Ranar da mutum ke zazzaɓi, ko amai, ko suga ya haura 14 kuma jiki babu daɗi, ba ranar motsa jiki ba ce. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri a tsakiyar tafiya, a tsaya a nemi asibiti.

Mataki na biyar: ganye da 'ya'yan itatuwa

Ba na raina tsirrai. Shi kansa metformin asalinsa daga wani tsiro ne na ƙasashen Turai, wani likita a Faransa mai suna Jean Sterne ya fara ba masu suga shi a 1957. Bambancin shi ne an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, jarkar jiƙo kuwa ko mai haɗa ta bai sani ba.

Mun ɗanɗana wannan a shekara ta biyu. Baba ya dawo daga wata kasuwa da jarka, ya saya wurin mai mota da lasifika da ya rantse cewa kwana arba'in suga zai fita ta fitsari, da sharaɗin a ajiye maganin Bature. Bai gaya mana ya ajiye ba. Bayan mako uku ƙishirwa ta dawo, ya rame, ranar wata Talata ya kasa tashi sallar Asuba. Kwana biyar muka yi a gadon asibiti ana ƙarin ruwa da allura. Da ya farfaɗo ya kama hannuna ya ce, "Yawan fitsarin nan na ɗauka ciwon ne ke fita." Alhali shi ne alamar suga ya yi sama. Tun daga nan muka kafa doka uku: ba a ajiye maganin asibiti, ba a shan abin da ba a san sunan itacensa ba, kuma abu ɗaya ake gwadawa a lokaci guda.

Mafi aminci su ne waɗanda dama abinci ne. Zogale na gaba. Binciken da aka yi a kan mutane ƙanana ne, wasunsu sun nuna yana rage hawan suga bayan cin abinci, amma babban amfaninsa a fili yake: kwano ɗaya na kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir yana cika ciki ya rage wurin tuwo. A ce wa mai kwaɗo kada ta barbaɗa sukari. Don rani, a shanya ganyen a inuwa, a daka, a riƙa zuba cokali ɗaya a miya. Ganye kawai, ban da saiwa da sassaƙe, musamman ga mai ciki. Rama, tafasa, yakuwa, alayyafo da lalo duk sahu ɗaya ne. Kuka da kuɓewa kuwa yauƙinsu ne ke aiki, yana jinkirta shigar suga cikin jini, don haka a yawaita miya a rage tuwo. Masu jiƙa kuɓewa a ruwa su kwana su sha, su raba ta da lokacin shan ƙwaya da awa biyu, domin yauƙin na iya riƙe maganin ma.

Hulba ita ce na fi ba wa muhimmanci a cikin abubuwan ƙari, don tana cikin waɗanda aka fi gwadawa a kan mutane, kuma an ga tana rage suga gwargwado. A jiƙa cokalin shayi ɗaya a rabin kofin ruwa da dare, da safe a sha ruwan a tauna ƙwayar kafin karin kumallo. In ciki ya karɓa bayan mako guda, a ƙara cokali ɗaya kafin abincin dare. Takan sa kumburin ciki da farko, takan kuma sa zufa da fitsari su yi ƙamshinta. Ita ma a raba ta da ƙwaya da awa biyu. Mai ciki da mai shan maganin tsinka jini su bar ta.

Habbatus sauda, wadda ambatonta ya zo a hadisi ingantacce, an gwada wajen giram 2 a rana, wato shafaffen cokalin shayi, an ga ɗan sauƙi. Sai dai yawanci da zuma ake haɗa ta, zuma kuwa suga ce a jinin mai wannan ciwo, haka ma dabino. A daka ta a zuba a miya ko a kora da ruwa. Kirfa sakamakonta ya rarrabu, wani bincike ya ga amfani wani bai gani ba, kuma irin da ta fi yawa a kasuwa tana da sinadarin da ke wahalar da hanta in an yawaita. Rabin cokalin shayi a rana ya isa, mai ciwon hanta ya haƙura. Zoɓo marar sukari, da citta da kanumfari, ya fi lemon kwalba sau dubu, yana kuma ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya lura da jiri.

Sai masu ɗaci, inda mutanenmu suka fi ruɗuwa, don an ɗauka ɗaci ne ke kashe zaƙi. Suga ba a harshe yake ba. Shuwaka a miya lafiya lau, amma yawancin gwajinta a kan dabbobi aka yi. Garafuni yana da ɗan'uwa da aka gwada a Tailan aka kwatanta da metformin, ya rage suga kaɗan, bai kamo metformin ba. Ba na mai ciki ba ne, ba na yara ba ne. Dafaffen ganyen darbejiya, da sassaƙen maɗaci, da tsimin da aka haɗa itatuwa barkatai da jar kanwa ana sha wata da watanni, waɗannan na ce a bar su. Ciwon suga da kansa yana kan gaba wajen kashe ƙoda, bai kamata a ƙara mata kaya ba, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda Asibitin Malam Aminu Kano ya san abin da nake nufi. Na kwalba da na leda kuma, a duba lambar NAFDAC, a kuma sani lambar ba shaidar warkarwa ba ce. A ƙasashe da dama an sha kama magungunan gargajiya na suga da aka cusa wa glibenclamide a ɓoye. Wanda ya haɗa irin wannan da ƙwayarsa ya sha ninki biyu bai sani ba.

Yadda ake gwaji: a faɗa wa malamin asibiti abin da ake son gwadawa. A yi mako biyu ana awo ba tare da shi ba. A fara shi da ƙaramin adadi, a bar abinci da tafiya da magani yadda suke, a yi wani mako biyu zuwa huɗu ana awo a ranaku da lokutan da aka saba. A jera lambobin gefe da gefe. In babu bambanci, a daina ɓata kuɗi. In suga ya fara sauka ƙasa da 4.4 da safe, a koma asibiti, likita ne zai rage ƙwaya, ba mai gida ba. Ƙaiƙayi, amai, gudawa, kumburin ƙafa ko ido ya yi rawaya, a dakata a ranar.

Mataki na shida: kwano

Ba zan tsawaita a nan ba, sai dai hulba ba ta iya goge kwanon fura da aka zuba wa sukari. Rabin kwano ganye da miya, rubu'i wake ko awara ko kifi ko ƙwai, rubu'i tuwo, malmala kamar dunƙulen hannun mai ci. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi fes ba, ya fi na shinkafa da na fulawa. Shinkafa a rinjaye ta da wake. Koko da kunu da fura suna saurin shiga jini saboda ruwa-ruwa ne, a rage ludayi, a yawaita nono, a bar sukari. Shayi ma haka. Mangwaro da rake da kankana lokacinsu, yanka kaɗan bayan abinci, ba a zauna a kan tire ba.

Mataki na bakwai: komawa asibiti

Duk ranar da aka ba ka, ka je, ko kana jin garau. Tafi da littafi, da kwalayen magani, da samfurin duk abin da kake sha na gargajiya a ƙulle a leda. Nemi a auna hawan jini, a cire takalmi a duba ƙafa. Sau biyu a shekara aƙalla, in da hali, a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wajen wata uku, ana son ya zauna ƙasa da kashi 7 ga yawancin manya. Sau ɗaya a shekara a gwada ƙoda ta jini da fitsari, a kuma duba cikin ido ko da gani bai ragu ba. In asibitin kusa ba su da kayan, su rubuta maka takarda zuwa Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Murtala a Kano. Mu mukan haɗa tafiyar da lokacin da aka sayar da riɗi, a ware kuɗin gwaji da na maganin wata uku tun kafin a taɓa sauran, Inna ta ƙulle su a ƙasan adakarta.